Hop Ɗin Da Ya Shekara Uku A Soro

Kester, farkon Nuwamba

Ɗan'uwana Gentiel,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da ƙafar nan da ka zo jana'izar mijina Firmin kana ja. Yaya 'yarka da yaranta? Ni dai ga ni nan. Baya ke ciwo, barci kuma ba ya zuwa sai ina zaune a coci. Ranar ziyarar kaburbura na kai wa Firmin furanni, na tarar har ciyawa ta fara rufe shi.

Ka san ni da rubutu ba ma shiri. Kakarka da kakata ciki ɗaya suka fito, amma in ba biki ko mutuwa ba, ba ma ganin juna, don haka ba zan yi maka kwana-kwana ba. Roƙo ne ya kawo ni.

Da rani ɗana Wilfried ya zo daga Brussels da matarsa Monique, wai za su taya ni gyaran gida. Na tafi kasuwa na bar su. Suka hau soron ɗakin wanki, inda Firmin ke ajiye buhunan hop ɗinsa, furen nan da ake zubawa a dafa giya, Monique ta ji wari ta ce lallai wani abu ya mutu a ciki. Kafin in dawo sun sauko da su duka, sun cinna musu wuta a bayan lambu. Tun daga kan hanya na hango hayaƙin. Wilfried ya tare ni a ƙofa yana murna, hannunsa duk baƙi.

"Mama, mun raba ki da ƙazanta. Ban san yadda Baba ya zauna da wannan ɗoyi ba."

Na ce masa, "Ɗoyin nan ka sha ranar bikinka, har ka miƙo kofi a ƙara maka."

Sai na zauna a dakali. Ajiyar shekaru ce, Gentiel. Kowace kaka Firmin zai haura da sabon buhu, ya sauko da wanda ya fi daɗewa a dafa da shi.

Yanzu ga halin da nake ciki. Gangunan katakon nan huɗu na ɗakin ƙasa, waɗanda Firmin ya gada wurin mahaifinsa, babu komai a cikinsu, don giyarsa ta ƙarshe na juye ta a kwalabe. Ganga kuwa in ta zauna ba giya sai ta bushe, katakon ya buɗe baki, shi ke nan ta zama itacen wuta. Ruwa nake ɗura musu da bokiti, in ya fara wari in zubar in sake. Wilfried ya ce shi ba zai zuba ido in karye a matakala ba. Mun yanke magana da shi: in na iya dafa giya na zuba a ganguna a hunturun nan, zan zauna a gidana. In bikin Ista ya zo suna nan fanko, zai yanka su biyu-biyu a shuka furanni a ciki, ni kuma in koma ɗakin da suka ware min a gidansu. Da sauri ya yarda, don yana ganin ba zan iya ba.

Alkama da sha'ir ina da su. Maƙwabcina Staaf ya ce zai riƙe min muciya. Hop ne babu, kai kuwa shi kake nomawa tun kafin ka yi gemu. Ka duba min mafi tsufa da kake da shi, wanda ya shekara uku, ya yi ja, ƙamshin ya fita. Ban da sabo. Ka hanzarta, don giyarmu sai da sanyi ake dafa ta.

'Yar'uwarka,
Leontine

Watou, tsakiyar Nuwamba

'Yar'uwa Leontine,

Na ga wasiƙarki, na yi murna da jin kina raye kina faɗa kamar yadda na san ki. Lafiyata ƙalau in ban da gwiwa, wadda ta fi rediyo sanin ranar da za a yi ruwa. A nan ruwa ake ta yi, laka har ƙofar ɗaki. 'Yata na gaishe ki.

Na karanta roƙonki sau biyu, na ajiye tabarau. Leontine, tsakanina da ke har sai kin ɓoye min? Na san yadda gida ke zama bayan maigida ya tafi. Na san abin da ke sa mace ta ce a ba ta ragowar da ba mai so. Ba sai kin faɗa ba, ni ma ba zan sake faɗa ba. Amma ki sani, a gidanmu na Deroo ba a taɓa ba baƙo tsohon hop ba, balle ɗan'uwa. A garin nan in aka ce soron wane na warin cuku, 'ya'yansa ma sai sun sunkuyar da kai a makaranta. Mukan ji labari cewa mutanen wajenku na sayen ragowar 'yan kasuwa, mu kuwa muna dariya muna cewa maƙo ne. Ke ba za ki shiga sahunsu ba ina raye.

Jiya na kai buhu tasha, na sa a jirgin ƙasa da sunanki. Na bana ne, daga layin da ke kusa da rafi, wanda rana ke fara taɓawa. Da hannu aka tsinke shi, ni da kaina na tsaya a kan wutar busarwa, ban bar wa kowa ba. Ki buɗe, ki ɗebi ɗaya, ki murza a tafin hannu, ki ga garin nan rawaya yadda zai manne miki. Ko masu manyan gidajen giya ba su samu irinsa ba bana. Kada ki yi min maganar biya.

Kin tuna shekarar da aka kawo ki tsinka a gonarmu kina yarinya? Kika cika kwandonki da ganye daga ƙasa, kika rufe da fure a sama, mahaifina ya zura hannu ya ce, "'Yar Brabant, kabeji kika zo tsinka?" Kika yi kuka, kika ce ba za ki sake taka ƙasarmu ba. Har yau in na tuna sai na yi dariya ni kaɗai a ɗaki.

Ki dafa giyarki, ki kunyata yaron nan.

Naki,
Gentiel Deroo

Kester, farkon Disamba

Ɗan'uwana Gentiel,

Ina gaishe ka, Allah ya ƙara wa gwiwa sauƙi. Ni mura ce ta kama ni, daga hawa da sauka da bokitin ruwa.

Buhu ya iso. Staaf ya ɗauko min a baro daga tasha, yana ta shaƙar ƙamshi yana yaba ka. Ni kuwa da na ga kore shar ta bakin buhun, sai na ji kamar in kwanta a ƙasa. Gentiel, da wane yare zan yi maka magana? Na rubuta maka ban da sabo. Ba talauci ba ne, ba kunya ba ce, ban kuma nemi ka ji tausayina ba. Abin da na ce nake so, shi nake so.

Giyarmu ba irin taku ba ce. Hop mai yawa muke zubawa, ninkin abin da kuke sawa, don ya tsare ta shekara da shekaru a ganga. In na zuba naka yadda ake bukata, ɗaci zai haɗu da tsami, ko alade ba zai sha ba. In na rage, ta ruɓe kafin rani. Na ma gwada dabara: na ɗebi tafi biyu na shanya a tandar burodi da 'yar wuta, ko zai tsufa da sauri. Ya fito yana warin ƙonanniyar ciyawa, burodin da na gasa washegari ma sai da na ba kaji.

Na aika Staaf wurin ɗan kasuwar da Firmin ke sayen hop a hannunsa. Ya ce tsohon da yake da shi duk an kama tun Satumba, sabo kawai ya rage. Wato duniya cike take da sabo.

Ga sanyi mai kyau ya sauka, irin wanda Firmin ke fitowa tsakar gida da safe ya hura iska ya ce, "Tine, ɗora tukunya." Ina kallonsa yana wucewa a banza. Buhunka na nan a zaure, ya cika min gida da ƙamshi har kaina na ciwo. Gaskiya zan faɗa maka, ba shi da amfani gare ni, kamar ka aiko min da ɗanyen itace ne in hura wuta. Ka daina min girman kan mutanen yankinku na Poperinge, ka hau soronka ka duba, ko ka tambayi maƙwabta. Ba zai yiwu a ce duk ƙasarku ba wanda ya taɓa kwana da buhu ba.

Maganar kwando kuwa, kai ne ka koya min sa ganyen, sannan ka tsaya gefe kana dariya.

Leontine

Kester, ƙarshen Janairu

Gentiel,

Ina fata lafiya. Ba zan iya cewa na sani ba, tunda tun kafin Kirsimeti ban ga ko layi ɗaya daga gare ka ba. Kullum mai kawo wasiƙa ya wuce sai in fito, shi kuma ya girgiza min kai daga kan keke, har ya fara jin kunyata. In fushi kake yi ka faɗa, mu yi faɗanmu a gama. Shiru ne ba na iya ɗauka, ya ishe ni a gidan nan.

Ganga ɗaya ta tafi. Mura ta kwantar da ni, ban sauka ba, da na sauka na tarar ruwa ya malale a ƙasa, ƙarfen da ya ɗaure ta ya zame. Staaf ya duba ya ce, "Leontine, wannan sai dai a yi mata addu'a." Na ce ya fita min daga ɗaki. Ita ce wadda Firmin ke kira Kaka, don ta fi sauran tsufa.

Kirsimeti a Brussels na yi. Monique ta dafa abinci mai kyau, ba zan ci amanarta ba. Bayan an ci ta kama hannuna ta kai ni ɗakin da suka ware min. Gado ɗaya, kujera ɗaya, tagar na kallon bangon maƙwabta. Har labule ta saya.

"Mama, kin ga ba matakala, ba bokiti. Kin huta."

Na ce, "Na gani."

Wilfried ya tambaye ni a hanya ko an fara dafawa. Na ce ana shiri. Ya ƙara wa motar wuta. Ba mugun yaro ba ne, Gentiel, tsoro yake ji kada wata rana Staaf ya buga masa waya da mugun labari. Amma ni na san in na shiga ɗakin nan, ba zan daɗe ba.

Na gaji. Na gaji da bokiti, na gaji da jira, na gaji da ƙamshin buhunka da ke tare ni duk lokacin da na buɗe ƙofa. Ka rubuto ko da zagi ne.

'Yar'uwarka,
Leontine

Watou, tsakiyar Fabrairu

Zuwa ga Leontine Van Cutsem,

Bayan gaisuwa. Kin tambayi lafiyata. Kafin Kirsimeti na zame a kan ƙanƙara a bakin rijiya, ƙugu ya goce. A gidan 'yata na kwanta a Ieper, sai makon jiya aka dawo da ni da sanda. Wasiƙunki biyu na tarar a ƙarƙashin ƙofa, na karanta su a jere. Da ma ta biyu na fara buɗewa.

Ba shi da amfani, kika ce. Ɗanyen itace.

To bari ki ji abin da ban gaya miki ba, don ban so ki ɗauke shi da nauyi. Buhun da ke sa miki ciwon kai shi ne na ƙarshe. Babu gonar hop a gidan Deroo yanzu. Maƙwabta duk sun koma injin tsinka, masu tsinka da hannu sun daina zuwa, ni kuma ba ni da ɗa namiji, ba ni da gwiwa. Bayan kaka aka tumɓuke sanduna, aka naɗe wayoyi, ina tsaye ina kallo. Wanda ya karɓi gonar dankali zai shuka. Duk amfanin bana na ba ɗan kasuwa, na ware wannan kaɗai, mafi kyau, ban san ma me zan yi da shi ba. Da wasiƙarki ta zo na ce madalla, ga inda zai tafi, gidan dangi, a sha a ce na Gentiel ne.

Tun ina ɗan yaro nake ɗaure igiya, ina bin kurangar nan tana hawa, ina fama da ƙwari da iska, duk don fure ya isa hannun mai dafawa yana kore. Yau an ce min sai ya lalace zai yi daraja. Watakila haka ne a wajenku. Ni na tsufa da koyon sabon karatu.

In ya dame ki a zaure, ki ba ɗanki, na ji ya iya hura wuta. Tsohon hop kuwa ba ni da shi, kuma ba zan bi gida-gida da sanda ina tambayar mutane abin kunyarsu ba.

Na ji zafin gangar da ta fashe.

G. Deroo

Kester, ƙarshen Fabrairu

Ɗan'uwana Gentiel,

Sannu. Sannu da jiki, sannu da gona. Ina nan ina zaginka a zuciya ashe kana kwance. Ka riƙa cin abinci mai zafi, kada ka ce burodi da kofi sun isa, na san halinku in an bar ku ku kaɗai.

Da na karanta wasiƙarka na fita zaure na zauna kusa da buhun, na daɗe. Bakina ya fi hankalina sauri, haka Firmin ya yi ta fama da ni. Da na san na ƙarshe ne da ban ce abin da na ce ba. Amma da zan dafa da shi ne, da na ɓata shi, na ɓata gangunan, wannan kam ba zan janye ba.

Ka tuna ranar jana'iza, bayan an dawo daga maƙabarta? Ka zauna a kusurwa kusa da murhu, na kawo maka burodi da farin cuku da kofin giya. Ka kurɓa, ka yamutsa fuska, ka sake kurɓa. Ka ce, "Leontine, wannan tsami ne ko daɗi? Na rasa ganewa. Ƙaro min." Sau nawa na ƙara maka, ba zan tona ba. To hop ɗin da ke cikinta ya shekara uku a soro kafin ya ga tukunya, yana warin da ya kori Monique.

Mu ba ma sayen yis na tayar da giya. In an gama dafawa sai a juye a faffaɗan kaskon tagulla a soro, a buɗe tagogi, ta kwana iskar lambu na shiga. Abin da iska ta kawo shi ke tayar da ita. Iska kuwa ba ta zaɓe, tana kawo mai kyau da marar kyau. Aikin tsohon hop shi ne gadi: ɗacinsa ya tafi, amma ƙarfin hana ruɓa yana nan. Ba lalacewa ya yi ba, Gentiel, aiki ya canja. Kuma sai mai kyau ne ke tsufa da kyau, Firmin bai taɓa haura da na banza soro ba.

Ban rubuto don in sake roƙo ba. Ka ce ba ka da shi, na ji. Ganga ta biyu ta fara zufa ta gindi, na daina wahalar da kaina a kanta. Rana ta fara ɗumi da tsakar rana, Staaf ya ce bana tsattsewa za su dawo da wuri, in sun dawo kuwa an rufe dafa giya sai wata shekara. Jiya na fara naɗe kofunan uwata a jarida. Na naɗe kaɗan na gaji, na bar su a kan tebur.

Ka yafe min maganar itacen.

'Yar'uwarka,
Leontine

Watou, farkon Maris

Leontine,

Jiki da sauƙi, ina kaiwa bakin ƙofa ba sanda. Ki daina naɗe kofuna.

Na ce ba ni da shi. To akwai buhu ɗaya a soron ɗakin busarwa, can ƙurya, na rufe shi da tsohon bargo. Ko 'yata ba ta sani ba.

Shekara uku ke nan da kakar da matata Zulma ta kwanta. Ranar ƙarshe ta tsinka tana ta riƙe ciki, ta ce ba komai. Buhun ƙarshe da muka danna, ita ta ɗinke bakinsa. Farin zare ya ƙare mata, sai ta ɗauko jan zaren da take saƙa wa jikarmu hula. Na ce, "Zulma, ɗan kasuwa zai yi mana dariya." Ta ce, "Ya yi, shi ya san zafin allura?" Washegari ba ta tashi daga gado ba, kafin Kirsimeti muka binne ta. Da motar ɗan kasuwa ta zo na ba shi duka, wannan na ce ba ya cikin lissafi.

Shekarar farko ƙamshinsa na sauko min in na wuce. Daga baya ya juya. Yanzu in iska ta kaɗo daga yamma sai in rufe tagar soro kada maƙwabta su ji. Na kasa sayarwa, na kasa ƙonawa, na kasa hawa in duba. Kullum ina ganin na bar aikin hannunta ya lalace. Da na karanta inda kika ce aiki ya canja, na ajiye takardar na fita waje, don kada in yi abin da bai dace da tsoho ba a gaban kyanwa.

Ba zan kai shi tasha ba. Mai auna kaya ya san ni, hancinsa kuma lafiya lau, kafin yamma duk Watou ta ji. Ki turo ɗanki da motarsa. Ya biyo ta hanyar bayan gida, ya hau soron da kansa, tunda ya saba sauko da buhuna. Ki gaya masa in ya kuskura ya toshe hanci a gabana, sandata na nan kusa.

Gwiwata ta ce akwai sauran sanyi ɗaya kafin ƙarshen wata. Ba ta cika ƙarya ba.

Naki,
Gentiel

Kester, bayan Ista

Ɗan'uwana Gentiel,

Ina gaishe ka daga teburina, a ɗakin girkina, da kofin uwata a gabana. Jiki duk ciwo yake, hannuwa sun kumbura, kwana nawa ban iya riƙe alƙalami ba, shi ya sa ka ji shiru. Ina fata ƙugu na ci gaba da haɗuwa.

Wilfried bai so zuwa ba. Na ce masa, "Kai ka ƙona, kai za ka ɗauko." Ya dawo da tagogin mota duka a buɗe, kunnuwansa sun yi ja don sanyi, daga baya ya ce Monique ta ƙi shiga motar. Ya ce ka tsare shi da ido tun daga ƙasan tsani har ya sauko, ka kuma bi buhun har bakin mota ka gyara masa zama. Ban san me ka gaya masa ba, amma ya dawo ba surutu.

Da na buɗe na zura hannu, sai na ji Firmin kamar yana bayana. Ja ne kamar ganyen taba, ya bushe ƙarau, babu danshi ko kaɗan, warin daidai. Zulma ta iya danna buhu.

Gwiwarka ta yi gaskiya. Sanyi ya dawo, raɓa ta daskare a kan ciyawa, muka ɗora tukunya tun da safe. Staaf ya juya muciya kaɗan bayansa ya riƙe, ya zauna a kan bokiti yana ba da umarni. Sai Wilfried ya cire kwat ɗinsa na ofis ya karɓa. Ya juya kamar mai tsoron tukunyar, na ce, "Ba shayi kake motsawa ba, kai har ƙasa." Ya ce, "Mama, na sani, na ga Baba yana yi." Yini guda tana tafasa. Da yamma muka haura da ita kasko, na buɗe tagogi da hannuna.

Ganguna biyu kawai suka samu. Sauran biyun sun riga sun tafi, Wilfried ya yanka su, Monique za ta shuka furanninta. Ban kalla ba lokacin da yake yankawa.

Ranar Ista da suka zo na sauka da shi ɗakin ƙasa. Farin kumfa na fitowa ta bakin gangunan biyu, yana gangarowa ta gefe. Ya tsuguna ya daɗe yana kallo.

"Biyu ne fa kawai, Mama."

"Biyu ne."

"Matakalar nan kuma tana nan yadda take."

"Tana nan."

Ya miƙe ya karkaɗe gwiwa, ya ce zai turo kafinta ya sa mata abin riƙewa. Maganar ɗaki bai sake tayar da ita ba, ni ma ban tambaya ba. Ban ce na ci nasara ba, Gentiel. Hunturu ɗaya na samu, na gaba kuma ban san da me zan dafa ba in na Zulma ya ƙare. Na dai kwance kofunan.

Saura maganar sabon buhunka. Kafin su tafi na sa Wilfried ya ɗauke shi daga zaure ya haura da shi soro, ya rataye a ƙugiyar da Firmin ke rataye sabon buhu, inda iska ke ratsawa. Na gaya masa a gaban matarsa: wannan zai yi wari, kuma duk wanda ya taɓa shi ba ni ba shi. Shekara uku zai yi a can kafin ya ga tukunya, sannan ya yi wasu biyu a ganga. Na fara lissafa shekarunmu ni da kai a lokacin, ban ji daɗin lissafin ba, na bari.

Jan zaren Zulma ban yanke shi ba, warware shi na yi a hankali da allura. Na so in sa maka a cikin wasiƙar nan, har na naɗe shi. Sai na fasa, na hau soron da kaina, na ɗinke bakin buhunka da shi. In kana son abinka, ka kula da ƙugun nan, ka zo ranar da za a buɗe. Ba na aika zare ta jirgin ƙasa.

'Yar'uwarka,
Leontine